Wai me ya sa Red Sox suke sakin manyan 'yan wasansu su karɓo yara?

Ɗan Fagge

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah tambaya gare ni ga masu bin besbol a cikinmu, na san ba mu da yawa a garin nan amma dai akwai mu. Ni ɗan Liverpool ne tun ina yaro, ta nan ma na faɗa Red Sox, kulob ɗin besbol na birnin Boston, tunda mai kulob ɗin guda ne, John Henry da abokan kasuwancinsa, sun sayi Red Sox a 2002 suka zo suka sayi Liverpool a 2010. Da hailait kawai nake kallo a YouTube, yanzu kam abin ya shiga jinina, wasan da ake farawa bakwai na yamma a Boston nan sha biyun dare ne, haka zan jingina waya a jikin filas ɗin shayi in zauna har kusan uku.

To abin da ya tsaya min a rai tun watan Yunin 2025 shi ne maganar Rafael Devers. Yaron nan yana ɗan shekara 16 suka ɗauko shi daga Jamhuriyar Dominika a 2013, a hannunsu ya girma, da shi aka ci World Series na 2018, wato babban kofin besbol ɗin, farkon 2023 suka ba shi kwantiragin shekara 10 kan dala miliyan 313.5 kowa ya ce to shi ne ginshiƙin kulob kenan. Ranar 15 ga Yunin 2025 ya buga homron, wato bugun da ƙwallo ke tsallake katangar fili, aka ci Yankees, wasa na uku a jere kenan da muka ci su a filinmu na Fenway, ina kwanciya da murna kafin gari ya waye wai an tura shi San Francisco Giants. Aka karɓo mutum huɗu, Jordan Hicks da Kyle Harrison da James Tibbs da wani yaro Jose Bello, biyun ƙarshen nan ko babban lig ba su taɓa takawa ba. Da na koma na karanta abin da ya faru a baya sai na ga ashe ba farau ba ne, haka aka yi da Mookie Betts a 2020.

Ni a bal na taso, abin da na sani in za ka saki babban ɗan wasa to kuɗi mai kauri kake karɓa ka je ka sayo wasu manyan, kamar yadda muka sayar wa Barcelona Coutinho a Janairun 2018, a watan Van Dijk ya zo kan fam miliyan 75, Yuli na yi Alisson ya biyo baya, shekara na zagayowa muka ɗauki Champions League. Amma nan ba kuɗin ciniki sai dai a turo maka yara a ce ka yi haƙuri za su girma, wa ya tabbatar za su girma ɗin? Sannan shi wannan daraf na zaɓen sababbin yara da ake ta kuranta mana yaya yake ne takamaimai, me ya hana kulob mai kuɗi irin Boston ya je kawai ya kwashi yaran da suka fi kowa iyawa?

Na ƙarshe, tunda na ba su labari a gidan kallonmu 'yan Man U da 'yan Arsenal suka sa ni a gaba, wai da kuɗin Devers aka sayo wa Liverpool Wirtz tunda kwanaki kaɗan ne tsakani. Ina son jin gaskiyar wannan ma don abin yana damuna, kulob biyun duk nawa ne.

Kawun Hotoro

Wa alaikumus salam ɗana. Ka sosa min inda yake min ƙaiƙayi. Ni a jihar Massachusetts na yi karatu, ina can aka ci kofin 2004, da idona na ga tsoho ya zauna a bakin titi da rediyo a hannu yana hawaye, don rabon garin da kofin tun 1918, shekara 86. Kuma duk wani ɗan Boston zai ce maka wahalar ta faro ne daga ranar da mai kulob na wancan zamanin ya sayar wa Yankees Babe Ruth a ƙarshen 1919. Shi ya sa mutanen garin ba su da haƙuri ko kaɗan kan maganar sakin babban ɗan wasa saboda kuɗi.

Bari in fara da tsarin don sai ka gane shi za ka gane cinikin. Kulob 30 ne a lig ɗin, wasa 162 kowa yake bugawa a kaka, kuma ba faɗawa ƙasa, ba kamar nan da Pillars suka gangara a 2022 gari ya ɗau zafi ba, can ko kai ne na ƙarshe baɗi kana nan daram, har ma lada ake ba ka, don a daraf waɗanda suka fi shan kashi su ke fara zaɓe. Duk Yuli ake yi, zagaye 20, tun 2023 kuma zaɓi shida na farko da ƙuri'a ake fitar da su don a rage masu faɗuwa da gangan. Yaran Amurka da Kanada da Puerto Rico ne kawai a ciki, daga sakandare ko jami'a, wanda ka zaɓa ba wani kulob da zai iya taya shi, kuma akwai iyakar kuɗin da aka yanka wa kowa na sa hannun yaran, ka zarce a ci ka tara. Yaran ƙasashen waje irin su Devers hanyarsu daban, amma su ma akwai iyakar. To ka ga amsar tambayarka, kuɗinka ba zai saya maka yaran ba, an toshe wannan ƙofar da gangan.

Yaro in an zaɓe shi ba filin Fenway zai wuce ba, ƙananan kulob na reno ake tura shi, Salem, Greenville, Portland, Worcester, hawa hawa, wani shekara uku wani biyar, da yawa kuma a hanya suke ƙarewa. Amma in ya iso babban lig to shekara shida yana hannunka ba inda za shi, ukun farko ma kusan mafi ƙarancin albashi ake ba shi, a 2025 dala dubu 760 ne, a wasan da wani ke karɓar miliyan 30 ko 40. Bayan shida ɗin ya zama mai 'yancin kansa, ya tafi inda ya ga dama kamar yadda kwantiragin Trent ya ƙare ya nufi Madrid. Saboda haka yaro mai kyau mai arha shi ne kuɗin kasuwar nan, da shi ake saye da shi ake sayarwa. Har nan ba ni da ja.

Inda nake da ja shi ne Betts. Wannan yaron mu muka tsinto shi a zagaye na biyar a 2011, kowane kulob ya tsallake shi sau da yawa, muka rene shi ya zama gwarzon lig a 2018 shekarar da muka ci wasa 108 muka doke Dodgers ta Los Angeles a World Series. Ai don samun irinsa ake yin daraf ɗin gaba ɗaya. Da ya rage masa shekara ɗaya sai masu kulob suka ce suna son sauka ƙasa da layin haraji, wato in jimillar albashinka ta wuce wani adadi kana biyan haraji kuma yana ƙaruwa in ka maimaita, layin 2020 dala miliyan 208 ne. Sai suka haɗa Betts da David Price mai tsadar albashi suka ba Dodgers a Fabrairun 2020, kuma duk wanda ya san kasuwa ya san in ka ce dole sai an haɗa da kayan da ba a so to farashin mai kyan zai faɗi. Me muka samu? Alex Verdugo da Jeter Downs da Connor Wong. Downs kafin ƙarshen 2022 an sallame shi, Verdugo aka tura wa Yankees a Disambar 2023, Wong ne kaɗai ya rage. Betts kuwa ya sa hannu shekara 12 kan miliyan 365 a can, ya ci kofi a 2020 da 2024 da 2025, mu muka ƙare na ƙarshe a rukuninmu a 2020 da 2022 da 2023. Sakin reshe kama ganye kenan ba wani suna.

Kuma kar wani ya ce maka daraf tabbas ne. A 2013 mu ne na bakwai, muka ɗauki wani mai jifa Trey Ball, bai taɓa buga ko wasa ɗaya a babban lig ba, a wannan daraf ɗin Yankees suka ɗauki Aaron Judge a lamba 32.

Na Zoo Road

Kawu da girman kujerarka, maganar Betts ba mai musa maka, ni ma har yau in na gan shi da shuɗiyar riga sai raina ya sosu. Amma Devers ba Betts ba ne, kuma in muka haɗa su a kwando ɗaya ba mu yi wa Ɗan Fagge adalci ba tunda gaskiya ya zo nema.

Betts ba abin da ba ya yi, bugu, gudu, tsaron fili, duk inda aka ajiye shi zai tsaya, a Dodgers ma daga bayan fili aka dawo da shi tsakiya ya koya ya iya. Devers gwanin bugu ne wannan ba shakka, amma tsaron tasha ta uku, cikin tashoshin da mai bugu ke zagayawa, shekara da shekaru shi ke kan gaba a yawan kuskure a lig ɗinmu. Kulob ya kawo Alex Bregman a Fabrairun 2025, mutumin da ya ci kyautar tsaron wannan gurbin a 2024, aka ce wa Devers ya koma bugu kawai, ya yi ta ƙorafi a gaban 'yan jarida daga baya ya yarda. Watan Mayu Triston Casas ya ji mummunan rauni a gwiwa kakarsa ta ƙare, tasha ta ɗaya ta zama ba kowa, aka roƙe shi ya gwada ya ce a'a, har John Henry da kansa ya hau jirgi ya same shi a Kansas City. Mutumin da ya fi kowa albashi a kulob, ga yara sababbin zuwa suna kallonsa. Kuma yana isa Giants ya ce duk inda aka sa shi zai buga, ya kuma buga tasha ta ɗayan. Wallahi wannan ya min ciwo fiye da cinikin.

Sannan a duba sakamako mana. Ranar da ya tafi mun ci 37 an ci mu 36, muka ƙare kaka da 89 da 73 muka shiga wasannin fidda gwani karon farko tun 2021, Giants da suka ɗauke shi 81 da 81 suka yi suka zauna a gida. Kuma a wannan karon ba mu biya ko sisi daga albashinsa ba, Giants suka ɗauki ragowar gaba ɗaya, wajen miliyan 250, ba kamar Price da muka ci gaba da biyan kusan rabin kuɗinsa yana wani kulob ba.

Ɗan'uwa Ɗan Fagge ka ce wa ya tabbatar yaran za su girma, ba wanda ya tabbatar, shi ya sa ake tara su da yawa. Kawu ya kawo Trey Ball, ni bari in kawo Roman Anthony. Da Eduardo Rodriguez ya tafi Detroit aka ba mu zaɓin diyya a daraf ɗin 2022, lamba 79, da shi aka ɗauki Anthony daga sakandare, ya shigo babban lig kwana shida kafin a saki Devers yana ɗan shekara 21, kafin Agusta ya wuce an ɗaure shi shekara 8 kan miliyan 130. Wannan shi ne darasin Betts da aka koya, ka biya yaro tun da wuri kafin ya kai inda ba za ka iya taya shi ba. Jarren Duran zagaye na bakwai ne a 2018. Wilyer Abreu a cinikin Christian Vazquez muka samo shi daga Houston a 2022, lokacin mutane sun yi ta zagin Chaim Bloom, shugaban cinikin 'yan wasa na lokacin, wai ya ba da mai cafe na gari ya karɓo wanda ba a sani ba, sai ga Abreu ya ci kyautar tsaron fili biyu a jere, 2024 da 2025.

Babban misalin ma shi ne Garrett Crochet. Kyle Teel lamba 14 ne a daraf ɗin 2023, Braden Montgomery lamba 12 a 2024, Craig Breslow da ya gaji Bloom ya haɗa su da wasu yara biyu ya ba White Sox a Disambar 2024 ya karɓo Crochet, ya ba shi shekara 6 kan miliyan 170. Mutumin ya ci wasa 18, ya fitar da masu bugu 255 wanda ba wanda ya kai shi a duk lig, ya zo na biyu a kyautar Cy Young ta gwanin jifa. To ka ga amfanin yaran, ko ba su buga maka ba za ka sayi babba da su. Ba kullum mu ke saki ba, muna kamawa ma.

'Yar Ɗorayi

Sannunku yayyena. Ni 'yar Dodgers ce, ta dalilin Ohtani na fara kallo, ba kuma tsokana ta kawo ni ba, akwai abin da nake ganin kuna tsallakewa ne.

Kuna magana kamar dole mutum ya zaɓi ɗaya, ko ya rene yara ko ya biya manya. Wasa na bakwai da Toronto a World Series na 2025 na zauna na kalla tun ɗayan dare, aka wuce zagaye tara ba wanda ya ci, a na 11 Will Smith ya buga homron ɗin da ya raba gardama, shi kuwa Smith namu ne na gida, lamba 32 a daraf ɗin 2016. Mai jifan da ya rufe wasan Yamamoto ne da aka biya miliyan 325 aka ɗauko daga Japan, ga shi ya yi jifa a wasa na shida jiya-jiyan ya sake fitowa ba hutu. Ƙwallon ƙarshe kuma ta gangara wajen Betts, ya tsince ta ya taka tasha ta biyu da ƙafarsa ya wurga wa Freeman, mutum biyu suka fita lokaci guda shi kenan kofi, daidai lokacin masallacin layinmu ya fara kiran assalatu. A wannan ɗan lokacin kaɗai ga na daraf, ga na saye, ga na musaya. Kershaw ma lamba 7 ne a 2006, kaka 18 ya yi bai taɓa sa rigar wani kulob ba har ya ajiye a 2025.

Kuma Dodgers ba sa samun zaɓin farko-farko tunda kullum suna sama, amma yaransu ba sa ƙarewa, don suna kashe kuɗi wajen masu farautar yara da masu koyarwa. Verdugo da aka ba ku mu muka zaɓe shi a 2014. Boston ba ƙaramin gari ba ne, ba Pittsburgh ba ne ko Tampa da za a ce ba kuɗin shiga, Fenway cika yake yi. Harajin nan da Kawu ya faɗa ba haramci ba ne, zaɓi ne, mu mun biya shi duk shekara daga 2021 zuwa 2025.

Yaya Na Zoo Road ka lissafa cinikin da suka yi kyau amma ba ka faɗi inda mutum huɗun Devers suke ba. Tibbs ko wata biyu bai yi a hannunku ba kuka ba mu shi da wani yaron a ƙarshen Yuli kuka karɓi Dustin May wanda kwantiraginsa ke ƙarewa a ƙarshen kakar. Hicks kuwa duka ya yi ta sha. To in ba 'yan wasa aka nema a cinikin ba me aka nema?

Ɗan Fagge

Kai jama'a na gode, Allah ya saka da alheri. Kawu yanzu na gane dalilin da ya sa ake riƙe yaran nan kamar zinare, shekara shida a arha ba wasa ba ne. Amma tambayar 'yar'uwa ta ƙarshe ita ce tawa, in dai kuɗi ne aka nema to ina kuɗin suka tafi? Don har yanzu ba wanda ya taɓa min maganar Wirtz, kuma gobe akwai wasa zan je gidan kallo su taso ni.

Mai Waya Farm Centre

Abokina kwantar da hankalinka, ni ma ɗan Liverpool ne, wannan maganar ba ta da tushe, ka tambaye su abu ɗaya kawai, nawa Giants suka ba Boston a hannu? Ba cinikin kuɗi ba ne, albashin da za a riƙa biyan Devers shekara bayan shekara har 2033 ne aka sauke daga wuya, ba wata jaka da aka miƙo da za a ɗauka a kai Leverkusen. Liverpool kuma da kuɗinta take cefane, mun ɗauki Premier a 2025, ga kuɗin talabijin ga na Champions League, a kasuwar 2024 kusan ba mu sayi kowa ba sai Chiesa, sannan a kasuwar 2025 mun sayar da Luis Diaz ga Bayern, Nunez ga Al-Hilal, Quansah ga Leverkusen ɗin ma. Ga dokar Premier ta lokacin da ta taƙaita asarar da kulob zai yi a shekara uku kan fam miliyan 105, mai kulob ba zai kwaso kuɗi daga Amurka ya zuba yadda ya ga dama ba.

Amma fa abin da yake gaskiya shi ne halin guda ne, kuma duk ɗan Liverpool ya san shi. Mutanen nan ba sa son dogon kwantiragi mai tsada ga wanda ya doshi talatin. Wijnaldum ya tafi kyauta a 2021, Mane aka sayar wa Bayern a 2022, Firmino ya tafi a 2023, Salah da Van Dijk sai da aka ja mana rai har Afrilun 2025 sannan aka ba su shekara bibbiyu. A Boston Xander Bogaerts ya tafi San Diego a Disambar 2022 kan shekara 11 miliyan 280 suka ƙi bi. Wani lokacin lissafin nasu yana fita, Bogaerts bai yi abin kuɗinsa a can ba, kuma zaɓin diyyar da aka samu a kansa da shi aka ɗauki Kristian Campbell a 2023. Matsalar ita ce Betts yana da shekara 27 ne lokacin, ba tsoho ba, suka sa shi a sikeli ɗaya da kowa. Ni dai ba zan zage su gaba ɗaya ba, kofi huɗu suka kawo Boston, 2004, 2007, 2013, 2018, mu kuma suka kawo mana lig bayan shekara 30.

Kawun Hotoro

Ɗana na Zoo Road na ji ka, kuma cinikin Crochet ni ma na yaba, irin wannan nake so, a ba da wanda ake fata a karɓo wanda aka gani. Abin da ba na so shi ne a juya shi, kuma a yi shi don a rage albashi a zo a ce mana don gina kulob ne.

Maganar Devers ban wanke shi ba, ya kamata ya ɗauki safar hannu ya tsaya inda aka ce. Amma wa ya kunna wutar? Shi da bakinsa ya ce an masa alƙawarin gurbinsa lokacin da ya sa hannu, shugabanni suka canza, aka kawo Bregman ba a zaunar da shi an gama magana ba, aka ce ajiye safar ka yi bugu kawai, wata biyu aka dawo aka ce ɗauko ta ka koyi sabon gurbi a tsakiyar kaka. Babba ake bi da lalama tun kafin abu ya lalace, wannan aikin shugabanni ne. Kuma duk da hayaniyar ya ƙare shekarar da homron 35.

Ka ce mun shiga fidda gwani, to me ya fitar da mu? Crochet ya ci mana wasan farko a gidan Yankees, aka ci mu na biyu, na uku aka yi mana 4 da nema, ko sau ɗaya ba mu zagayo gida mun ci maki ba. Anthony yana jinya tun farkon Satumba, Marcelo Mayer da muka ɗauka lamba 4 a 2021 an masa aiki a hannu, Campbell tun Yuni aka mayar da shi Worcester don bugun ya ƙi. Yara kenan, yau akwai gobe babu, ranar kuwa mai bugu irin Devers muke nema. Wanda ya hana mu motsi a daren kuma wani sabon yaro ne Cam Schlittler, zagaye takwas ya yi jifa ya fitar da mutum 12, ɗan Walpole ne nan kusa da Boston, a jami'ar Northeastern da ke cikin garin ya yi wasa, Yankees suka ɗauke shi a zagaye na bakwai a 2022 muna kallo.

Kar kuma a manta Chris Sale, shi ya jefa ƙwallon ƙarshe a kofin 2018, aka ba Atlanta shi a Disambar 2023 har da ƙarin kuɗi aka karɓo Vaughn Grissom, shekarar da ta biyo ya ci Cy Young. Bayan kakar 2025 ga Bregman ya fita daga kwantiraginsa ya shiga kasuwa, in ya tafi to mun kori mai gurbin saboda baƙo, baƙon ma ya kama gabansa.

Na Zoo Road

Kawu Sale kam kowa a lokacin ya gaji, 2020 gaba ɗaya bai yi jifa ba saboda aikin gwiwar hannu, 2022 wasa biyu kacal ya yi, yatsa ya karye, ya zo ya faɗi a keke wuyan hannu ya karye, ba wanda ya zaci zai tashi haka. Amma maganar Bregman ina bayanka ɗari bisa ɗari, a nan ne za a gane ko gaskiya suke faɗa. An sauke miliyan 250, to a mayar da su fili a hunturun bayan kakar 2025, ko a riƙe Bregman ko a kawo babban mai bugu, in ba su yi ba ni da kaina zan dawo in ce 'Yar Ɗorayi ce da gaskiya.

Sannan muna da 'yan bayan fili huɗu gurbi uku, Anthony, Rafaela, Abreu, Duran. Anthony ba ya taɓuwa, Rafaela da Abreu duk sun ci kyautar tsaron fili a 2025. Ni da za a ji tawa Duran zan bayar tun yana da daraja, a haɗa shi da yaro ɗaya daga Worcester a samo mai jifa na biyu da zai tsaya bayan Crochet, don su Connelly Early da Payton Tolle ba su kai a ɗora musu wannan nauyin ba tukuna, Kyson Witherspoon da aka ɗauka lamba 15 a Yulin 2025 kuwa sai an ba shi lokaci. Na san Kawu ba zai so a taɓa Duran ba, amma wani a cikin huɗun nan dole ya zauna a benci in ba a yi cinikin ba.